Dabinon da Ban Ci Ba

Da sunan Allah nake fara wannan babi, kuma shi ne wanda na fi jan ƙafa wajen rubutawa. Na rubuta labarin kakanku, na rubuta na aurena da Innarku, ban sha wata wahala ba sai ta haɗa baƙaƙe. Wannan kuwa sau uku ina fere fensir ina ajiyewa. Ku 'ya'yana, tun kuna ƙanana kuke jin ana kiran Baffanku Sanusi da sunan Rana-ta-dawo. Kun ji a teburin mai shayi, kun ji a bakin 'yan acaɓa, har wata rana ɗayanku ya faɗa a tsakar gida aka yi dariya, ina zaune ban hana ba. Yau zan gaya muku inda sunan ya fito, da wanda ya kamata a liƙa wa shi.

Kakanku mai gyaran agogo ne. Yana da ɗan tebur mai akwatin gilashi a kasuwar Kusada, ranar kasuwar Kankia kuma ya ɗaura akwatin a bayan keke ya tafi can. Mu biyu ne maza a gidan, ni da Sanusi, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme shi da shekara shida. Da aka zo neman yara makarantar boko, sai ya ba da Sanusi, ya zaunar da ni gefen tebur. Idan baƙo ya tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce kullum.

"Isiya hannu gare shi, Sanusi kau kai gare shi."

Bai faɗa da mugunta ba, Allah ya jiƙansa. Yabo yake yi mana mu duka. Amma ni abin da kunnena ya riƙe shi ne ba ni da kai, kuma na yi shekara arba'in ina yawo da wannan magana a ciki kamar tsakuwa a takalmi.

Da ya rasu, Sanusi ya riga ya kama aiki a ƙaramar hukuma. Ni na gaji teburin, da gilashin da ake maƙalawa a ido, da hantsaki, da wani abu guda da ba a lissafa shi cikin gado ba: wurin zamansa a masallacin unguwarmu, sahun farko, dama da Liman. Limaminmu na lokacin dattijo ne mai bin rana da ido. Da azahar ya dubi inuwar katanga, da magariba ya fita ya dubi yamma. Amma idan hadari ya rufe sama, sai ya juyo dama ya ce:

"Isiya, mi agogo ya ce?"

In ciro agogon aljihuna in faɗa, shi kuma ya ɗaga wa Ladan Garba hannu ya kira salla. Ba a biyana ko kwabo. Sai dai kowace safiya nakan kunna rediyo in jira ƙarar cikar awa in daidaita agogon, kuma lokutan faɗuwar rana na kowane wata suna cikin kaina kamar yadda kakanku ya zuba mini su. A duk duniya wannan ne wuri ɗaya da ake tambayata abu in amsa, mutum hamsin su tashi tsaye a kan maganata.

Zuwan waya ya kashe mana sana'a, ba sai na gaya muku ba. Na koma canza batir da sa maɗauri. Amma bai taɓa wurina a masallaci ba, domin wayoyin mutanenmu ƙanana ne, ana cire batir a kai wurin mai caji, idan an mayar sai lokaci ya rikice. Liman ya taɓa gwada su. Ya tambayi mutum uku, aka ba shi lokaci uku. Daga ranar ya ce shi da waya sai gaisuwa.

A shekarar da nake ba ku labari, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Wajen wata huɗu kafin azumin, Sanusi ya tsaya da babur ɗinsa gaban teburina, ya ja benci, ya fito da wata babbar waya mai faɗin tafin hannu.

"Yaya, zo ka ga kasuwa."

"Ga ni cikin kasuwa, wace kuma?"

"Wannan taku ta tumatir ce. Duba nan."

Ya shafa gilashin wayar da yatsa, sai ga agoguna suna gangarowa, ɗaya bayan ɗaya, ba iyaka. Tsofaffin agoguna waɗanda ake wanawa da hannu, irin waɗanda alhazan dā ke dawowa da su daga Makka, irin waɗanda na koyi aiki a kansu kuma na ɗauka sun ƙare a duniya. Ya yi mini bayani. Mutane a ƙasashen Turai da wasu wurare suna ɗaukar hoton agogon kakanninsu su sa a nan. Wani an yanke kuɗinsa, wani kuma gwanjo ake yi, kowa ya taya daga inda yake zaune, ranar da wa'adi ya cika wanda ya fi tayi ya ɗauka. Ya biya da katin banki, a aiko da kaya wurin wani abokinsa a Kano, daga can a ba direba ya kawo tashar Kankia. Matsalar, in ji shi, jabu sun yi yawa. Ya riga ya sayi ɗaya, fuska ta Turai, ciki na roba.

"Ni ina karanta abin da suka rubuta, amma rubutu kowa na iya yi. Kai ka san cikin. Duba mini wannan."

Masu sayarwa na kirki sukan buɗe bayan agogo su ɗauki hoton cikinsa. Ya buɗa hoton da yatsu biyu har sukurori suka zama kamar ƙwayar gero. Na duba na ce wannan an yi masa aure, fuskar wani ce aka ɗora kan injin wani. Na gaba na ce ruwa ya taɓa shiga, ga tsatsa an goge. Na uku na ce wannan ɗan halak ne. Ya sayi na ukun. Da ya iso, haka yake. Bai yi mako biyu ba ya sayar wa wani babban ma'aikaci a Katsina da riba.

Haka muka yi ta yi. Kusan kullum bayan la'asar yana kan bencina. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin kwanakin nan. Tun muna yara ba mu taɓa haɗa kai a kan abu ɗaya haka ba. Kuma bai cuce ni ba, duk cinikin da ya yi sai ya ajiye mini wani abu a kan gilashi, ko ya aiko da buhun masara gida. Amma idan ya tashi, ya sa kasuwar a aljihu ya tafi da ita. Ni in zauna da batura. Na fara lura cewa a ofis da wajen ɗaurin aure ana cewa Sanusi ya san agogo, kuma ban taɓa jin ya ce a'a, yayana ne ya sani ba. Wataƙila ya faɗa inda ba na nan. Ban tambaya ba, don na fi son in ɗauka bai faɗa ba.

Sai wata ranar Laraba yana shafa wayar, na riƙe masa hannu.

"Koma baya."

Agogon Suwizalan ne, ruwan zinariya, fuskarsa launin madara, da ɗan ƙaramin da'ira a ƙasa inda hannun daƙiƙa ke zagayawa shi kaɗai. Ina da shekara goma sha biyu wani Alhaji daga Tafashiya ya kawo irinsa gyara. Ya kwana uku a akwatinmu. Kakanku bai bar ni na taɓa shi ba, sai dai ya kara mini shi a kunne sau ɗaya, ya ce in ji yadda agogo ke magana idan an ƙera shi da tsoron Allah. Tun ranar ban sake ganin irinsa ba, ban kuma manta ba. Duk wannan na gaya wa Sanusi, ni da bakina. Ya karanta rubutun da ke ƙasa, ya ce wata mata ce ke sayar da kayan mahaifinta, ta ce yana tafiya amma ya daɗe a aljihun tebur, ba a duba lafiyarsa ba.

"Mu taya?" in ji shi.

Mu. Haka ya ce. Kwana biyar ana gwanjon, kullum ya zo ya nuna mini wani ya ƙara, shi ma ya ƙara. Kuɗin ya kai na tsohon babur. Ranar ƙarshe muna zaune mu biyu muna kallon wayar kamar masu jiran haihuwa, har ya buga cinyata ya ce mun samu. A cikin makonnin da aka yi ana jiran kayan, ban san yadda aka yi ba, zuciyata ta gama shirya mini labari: Sanusi ya ji abin da na faɗa, ya ga idona, zai miƙo mini ya ce Yaya, naka ne. Bai taɓa cewa haka ba. Ni na faɗa wa kaina.

Shi ya goya ni a babur zuwa tashar Kankia. Direba ya miƙo ɗan kwali, Sanusi ya yage shi nan take a gindin bedi. Ya wana agogon, ya kara a kunnena.

"Shi ne?"

"Shi ne."

Sai ya ɗaura a hannunsa na hagu, ya ja hannun riga sama kaɗan, ya ce wannan kam ba na sayarwa ba ne. Muka hau babur. Daga Kankia har Kusada ina bayansa, hannunsa na kan kan babur, rana na bugun gilashin tana shiga idona.

Ranar Jumma'a aka kewaye shi. Har Liman ya riƙe hannunsa ya daɗe yana kallo, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana saurayi. Sanusi kuma, da yake mutum ne mai son ya yi abin kirki a gani, ya kawo wata takarda da aka buga lokutan salla na shekara duka, ya manna a bangon masallaci. Ni ban iya karanta ta ba. Ana nan, hadarin farko ya taso da la'asar. Na sa hannu a aljihu ina jira. Liman ya juya, amma hagu ya juya.

"Sanusi, mi takarda ta ce, mi agogo ya ce?"

Na bar hannuna cikin aljihun har aka tayar da salla. Ba wanda ya kore ni daga wurina. Ina nan dama da Liman, sai dai an daina juyowa. Ladan Garba, wanda abokin wasana ne, ya ce mini a bakin ƙofa:

"Isiya, an yi maka ritaya ba fansho."

Na yi dariya tare da shi. Na iya wannan sosai. Mutane suna cewa Malam Isiya mai haƙuri ne, ni ma na yarda da su. Yanzu na san wani haƙurin ajiya ce kawai, mutum na tara abu yana jiran rana. Innarku ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Ta ajiye mini tuwo na ɗan taɓa na ture, ta tsaya ta dube ni.

"Malam, miyar ce ba ta yi ba, ko agogon Sanusi ne a cikin kwanon?"

"Wane irin zance ne wannan?"

"Ƙanenka ne fa. In ya yi kyau, gidanku ya yi kyau."

Na ce ta ɗauke kwanon.

Saura kwana uku a kama azumi, Sanusi ya zo teburina ya kwance agogon ya ajiye a kan gilashi. Ya ce jiya ya ga kamar ya yi gaba da minti biyar, ya daidaita da waya, yau kuma daidai yake. Tunda azumi ya zo kuma Liman na dogara da shi, in duba masa. Wannan ne karo na farko da agogon ya zauna a tafin hannuna. Na buɗe bayansa, na maƙala gilashi a ido. A cikin irin wannan agogo akwai wata siririyar waya a naɗe, mun fi kiranta gashi, ita ke buɗewa tana rufewa kamar numfashi, ita ke auna lokaci. Na ga tsohon mai ya yi danƙo a kanta. Idan ta ga dama ta yi numfashinta daidai. Idan aka yi sanyi ko laima, naɗi biyu su manne, numfashin ya gajarta, agogo ya kama gudu, ya iya cin kwata guda kafin yamma. Na san ciwon, na san maganin: a ciro, a tsoma a fetur mai tsabta, a bar shi ya bushe. Aikin minti goma.

Na daɗe ina kallon gashin nan. Sanusi na kan benci yana ba wani labarin yadda ake gane jabu a hoto, da kalmomina, har da "an yi masa aure". Na mayar da murfin na danna.

"Lafiyarsa ƙalau. Tsufa ne kawai. Ka riƙa daidaita shi da safe."

"Allah ya saka, Yaya."

Abin da na ce wa kaina shi ne, bari ya makara ɗaurin aure ko ya riga kowa zuwa taro, a yi masa dariya sau ɗaya, ya dawo ya san akwai abin da takarda ba ta sani ba. Na rantse ban kawo azumi a raina ba. Amma shi ya ambaci azumin da bakinsa, don haka wannan rantsuwa ba ta da nauyi sosai.

Kwana goma sha shida na farko sama a buɗe take da yamma, Liman na fita ya ga faɗuwar rana da idonsa. Rana ta goma sha bakwai aka tashi da ruwa tun hantsi. Ya ɗauke da la'asar, amma hadari ya zauna baƙi ƙirin, duniya ta yi duhu kamar an kife ƙwarya. Babu wuta tun kwana biyu, lasifikokin gari duk shiru, wayar Sanusi na wurin mai caji. Muka taru a masallaci da wuri saboda laka. Aka zagaya da faranti, kowa ya ɗauki dabino ya riƙe, ga kofunan kunu a gaba. Liman ya leƙa waje ya dawo, ya juya hagu. Sanusi ya tashi ya duba takarda, ya ce yau bakwai daidai. Ya ja hannun riga.

"Bakwai ta yi, Malam."

Na zaro agogona ƙasa-ƙasa, a inuwar gwiwata. Bakwai saura kwata.

Wani daga sahun baya ya ce wayarsa ta ce da saura. Ladan Garba ya ce wayarka da ta ce mana ƙarfe uku na dare jiya da azahar? Aka yi dariya. Liman ya ɗaga hannu. Tsakanin ɗaga hannun nan da Ladan ya kai bakin ƙofa ya sa yatsa a kunne, akwai lokacin da ya ishi mutum ya ce kalma biyu. Saura kwata. Ina da su a baki. Na dubi Sanusi, ya miƙe hannu wani na sake kallon agogon, sai na ji wani abu mai sanyi, mai daɗi, ya kwanta mini a ƙirji. Na rufe bakina.

Ladan ya kira salla. Masallaci ya cika da bisimilla da ƙarar kofuna. A gidaje mata suka ji kira suka sha ruwa, har da Innarku, har da tsofaffin da suka kai azumin da ƙyar. Ni na riƙe dabinona a hannu, na kai shi kusa da baki, na sauke. Muka yi salla. Muna sallamewa sai muka ga bangon gabas ya yi ja. Hadarin ya tsage daga ƙasa ta yamma, ga rana nan, jawur, cikakkiya, zaune a kan itatuwan bakin gona, ko taɓa ƙasa ba ta yi ba. Mutane suka fito suka tsaya cikin laka suna kallonta, wani da sauran kunu a gemu. Sai wani tsoho ya ce:

"Ikon Allah. Rana ta dawo."

Liman ya ce a kame baki har ta faɗi, a sake salla, kuma duk wanda ya ci ko ya sha zai rama yini ɗaya bayan Salla. Sai Sanusi ya miƙe a gaban jama'a, ya ce laifinsa ne, a yafe masa. Bai ce yayana ya duba agogon ya ce lafiyarsa ƙalau ba. Bai faɗa a ranar ba, bai faɗa ba har yau. Washegari dai ya zo teburina, bai zauna ba.

"Yaya, ka ce lafiyarsa ƙalau."

"Tsohon abu ne, Sanusi. Ba a rantsuwa a kansa."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Ya yarda da ni. Ban sake ganin agogon a hannunsa ba, bai kuma sake kawo mini kasuwar waya ba. Kafin Salla sunan ya kama shi. Yara na bin babur ɗinsa suna faɗa, a ofis ana tambayarsa ko rana ta faɗi a tashi aiki. Shekara ba ta zagayo ba ya kwashe iyalinsa ya koma Kankia, ya ce don makarantar yara.

Unguwa ta zaɓi wata Litinin bayan Salla aka yi ramuwar tare. Ni ma na tashi sahur na ɗauka. Da azahar Liman ya ce in tsaya. Da kowa ya fita, ya dube ni ya ce:

"Kai ma azumi kake, Isiya?"

"Eh, Malam, ramuwa."

"Ramuwar mi? Kai ba ka sha ba. Ina gefenka. Na ga dabinonka a hannu har muka tashi salla, na ga inda ka sa shi a aljihu."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu kamar yadda yake ɗaga wa Ladan.

"Ban tambaye ka ba, don ban son ka yi mini ƙarya kana azumi. Ni na ga hannu, ban ga zuciya ba. Ka koma faɗa mana lokaci, ba ni da wani. Agogonka na yarda da shi."

Ya tsaya nan. Bai ce ya yarda da ni ba. Na samu abin da nake so: shekara shida, duk ranar hadari ya juyo dama ya tambaye ni, kuma duk juyowar sai idonsa ya fara sauka kan hannuna kafin fuskata. Har ya rasu bai gaya wa kowa ba.

Kun san na shiga ajin yaƙi da jahilci, kun sha jin ina cewa don in karanta takardar bangon masallaci ne. Rabin gaskiya ke nan. Ɗaya rabin, so nake in shiga kasuwar nan ta waya da ƙafata, in sayi agogon da ya fi na Sanusi ba tare da Sanusi ba. Hassada ce ta kai ni aji, ta zaunar da ni a kan benci da furfurata ina haɗa ba da ba. Shekara uku kafin in rubuta wasiƙa. Da na iya, na sa aka buɗe mini kasuwar, na yi ta shafawa ni kaɗai. Agogunan na nan, sun ma fi dā yawa. Ina gane na kirki, amma ba wanda zan juya in ce wa wannan ɗan halak ne. Har yau ban sayi ko ɗaya ba.

Nan na tsaya da rubutu makon jiya. Abin da ke biye na ƙara shi ne bayan na dawo daga Kankia.

Na ga bai dace ku karanta wannan kafin mai shi ya ji ba. Na naɗe takardun na hau mota, na same shi a zaure bayan azahar. Na ce na zo in karanta masa abu. Ya yi murmushi ya ce yau kuma Yaya ne zai karanta wa Sanusi. Na fara. Kun san karatuna, ina yi ina tsayawa, inda na kakare a dā shi zai cika mini, amma da na kai wurin murfin agogo ya daina taimakona. Na gama. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Shekara tara, Yaya. A gaban 'ya'yana ake kirana da sunan nan. Ranar auren 'yata maroƙi ya faɗa."

"Na sani."

"Da ka ce kana son agogon, wallahi..." Ya tsaya. "A'a. Kada in yi ƙarya ni ma. Na ga idonka a tasha. Na san kana so. Na ce a raina, shi an ba shi Baba da tebur da masallaci, ni aka tura makaranta ni kaɗai da kuka, bari ni ma in riƙe abu ɗaya irin na Baba."

Ban taɓa sanin akwai tsakuwa a nasa takalmin ba. Ya tashi ya shiga gida, ya dawo da wata tsohuwar hula a dunƙule, ya warware. Agogon ne.

"Ban ce na yafe ba tukuna. Gyara shi."

Kayan aikina ba sa barin aljihuna. Aka zuƙo mini fetur daga babur ɗinsa a murfin kwalba. Na ciro gashin, na tsoma, na jira ya bushe, na mayar. Minti goma. Na wana shi na miƙa masa, ya kara a kunne, bai ɗaura ba. Ya ajiye shi a tabarma tsakaninmu.

"Ba a zaurena aka sa mini sunan ba," in ji shi. "A masallaci na tashi na ce laifina ne. Ranar Jumma'a zan zo Kusada. Bayan la'asar ka tashi a wurin da na tsaya, ka karanta musu yadda ka karanta mini. Sannan mu yi maganar yafiya."

Na ce to.

Jibi ne Jumma'ar. Innarku ta wanke mini farar riga, ta kuma ƙara mini miya. Na so ku ji daga hannuna kafin ku ji a teburin mai shayi. Na san mutanen garinmu, Ladan Garba na nan da ransa da bakinsa, kafin magariba za su samo mini suna. Idan kun ji an kira ubanku da shi, kada ku yi faɗa da kowa. Ku nuna musu gidan.